Aikin falet: Yadda za ka koma gida da lafiyarka

Ina godiya ga waɗanda suka aiko da saƙonni a kan batun makon jiya, in Allah Ya yarda zan ware mako guda in amsa su. Yau za mu leƙa wajen aikin mazajenmu da ƙannenmu, musamman masu neman halaliyarsu a sito-sito da masana'antun Legas, daga Apapa zuwa Ikeja, har Agbara da Ota a Jihar Ogun.

Kwanakin baya da yamma wani matashi ya shigo kantin maganin da nake aiki yana ɗingishi, silifas ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ya ce, "Anti, a ba ni kafso ja da rawaya, da maganin ciwon jiki mai ƙarfi." Na ce, "Ƙanena, zauna tukuna in ga ƙafar." Ashe kwana uku ke nan da ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, lokacin da yake kwance wani tsohon falet a wajen aikinsu. Abokan aikinsa suka bubbuga wurin da silifas wai don mugun jini ya fita, suka ɗiga man birki, suka ɗaure da tsumma. Ƙafar ta kumbura ta yi jawur, ga zafi kamar garwashi. Na tambaye shi rabonsa da allurar tetanus, ya ce bai san ko an taɓa yi masa ba. Na ce me ya hana ka zuwa asibiti tun ranar? Ya ce, "Anti, ranar da ban fita ba, babu kuɗin abinci."

Ban sayar masa da kafson ba. Na wanke ciwon, na sa ɗan'uwansa ya kai shi asibiti a daren. Allah Ya taimaka ƙafar ta warke, amma sai da ya yi kusan mako biyu a zaune. Da muka yi lissafi daga baya, abin da ya rasa na kuɗin aiki da na magani ya ninka kuɗin takalmin aiki mai ƙarfe a baki da kauri a tafi. Wannan lissafin nake so mu yi tare a yau, domin mai aikin ƙarfi ba shi da wani jari da ya wuce jikinsa.

Mene ne falet, kuma nawa ne nauyinsa?

Falet shi ne shimfiɗar katakon nan da ake jera kaya a kai, buhuna ko katan-katan ko durom, domin motar ɗaga kaya ta zura ƙahonninta ta ɗauke su gaba ɗaya. Akwai mai katako sama da ƙasa, akwai kuma wanda ba shi da na ƙasa, yana tsaye ne a kan gungume biyu ko uku kamar ƙafafu. Wannan na biyun shi ake ƙerawa don ɗora janareto ko wani babban inji, kuma shi ya fi nauyi da wuyar sarrafawa. Mutanenmu dai duk falet suke ce musu.

Falet ɗin Turai, wanda ake yawan gani a kayan da suka fito daga tashar jiragen ruwa, tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. An haɗa shi da katako 11, da ƙananan gungume 9, da ƙusa 78. Nauyinsa shi kaɗai kusan kilo 25 ne, kuma yana ɗaukar kayan da suka kai kilo 1,500. Wanda kafintocinmu ke bugawa da ɗanyen katako ya kan fi haka nauyi, na janareto kuwa yana iya wuce buhun siminti mai kilo 50. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ɗaya ya riƙa ɗagawa, shi ma sai idan kayan yana daf da jiki, yana da wajen riƙewa mai kyau, kuma ba a kai a kai ba. Ka ga ke nan falet ɗaya, ko babu komai a kansa, ya riga ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Wanda ke ɗaga guda hamsin ko ɗari a yini shi kaɗai, ƙashin bayansa ne ke biyan bashin.

Wajen ƙerawa

Lafiyar wanda zai ɗauki falet tana farawa ne daga hannun kafinta. Ɗanyen katako yana da nauyi, yana funfuna, kuma idan ya bushe ya kan motse har kan ƙusa ya fito. Katakon da ya tsage ko gara ta ci shi bai kamata a sa shi ba don tsimi, domin ranar da zai karye, kaya ne a kansa, mutum kuma a gefensa. Duk ƙusar da ta ɓullo ta ɗaya gefen a lanƙwasa ta ta koma cikin katako. Idan ana kwance tsohon falet, a cire ƙusoshin nan take a zuba a gwangwani, kada a jefar da katako a ƙasa tsinin ƙusa yana kallon sama. Irin wannan ne ya kama ƙanen nan nawa.

Zarton lantarki shi ya fi cin yatsu. Kada a cire murfin da ke kare haƙoransa wai don aiki ya yi sauri. Idan katakon ya zo ƙarshe, a tura shi da sanda, kada a tura da hannu. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar katako, amma a cire ta idan za a yi aiki da zarto mai juyawa, domin in haƙori ya kama safar, da hannun zai ja. Haka ma riga mai faɗin hannu, da zobe, da agogo. Ga wani abu da ya shafe mu a nan ƙasar: idan an ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, a kashe injin daga makunninsa nan take. Wuta ba ta sallama in za ta dawo, kuma sau da yawa ta kan tarar da hannun wani a bakin zarto yana share ɗiddiga.

A wuraren da ake amfani da bindigar ƙusa mai aiki da iska, hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da bakinta da kamar tsawon rula, santimita 30, saboda ƙusa ta kan haɗu da kulli a cikin katako ta karkace. Idan ta cije, a zare bututun iskar kafin a sa hannu. Ba a nuna wa kowa ita ko da wasa.

Sai ido da kunne da huhu. Tabarau na aiki ba tsada gare shi ba, kuma tsinken katako ko kan ƙusa ɗaya ya isa ya tafi da ido. Ƙarar da ta kai ma'auni 85 tana lalata ji idan mutum yana yini a cikinta, zarton lantarki kuwa ya kan kai 100. Alamar da za ka gane ita ce, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ka toshe kunne da abin toshewa na roba. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, babu kuma ɗigon kunnen da ke gyara shi. Ƙurar katako ita ma ba abin rainawa ba ce. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta hanci. Ƙurar katakon obece da iroko kuma an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Hankici a hanci ba ya tare ƙurar nan mai laushi, a nemi takunkumi irin N95, kuma a yayyafa ruwa kafin a yi shara.

Wajen ɗauka da jerawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyu ne ke ɗaukar falet, ɗaya a kowane gefe, ɗaya daga cikinsu ya ba da umarni su ɗaga tare su sauke tare. Ka matso daf da shi, ka ware ƙafafu, ka durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe, ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafafunka gaba ɗaya. Murɗa ƙugu da kaya a hannu shi ne ke fitar da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wanda idan ya danne jijiya za ka ji zafi yana sauka har ƙafa kamar wutar lantarki.

Kada a jingina falet a tsaye jikin bango. Iska ko ɗan taɓi kaɗan ya isa ya kifar da shi a kan ƙafar mai wucewa, ko a kan yaron mai tallar abinci. A kwantar da shi, a jera iri ɗaya a kan iri ɗaya, kuma in da hannu ake jerawa kada tsayin ya wuce ƙirji. Abin da ya fi haka aikin mota ne. Kada a jefo shi daga kan tirela, domin ya kan tsage ta ciki ba a gani ba. Kada a yi tafiya a kansa, ƙafa ta kan faɗa tsakanin katako ta gurɗe. Kada a mai da shi tsani, kada kuma a tsaya a kansa motar ɗaga kaya ta ɗaga mutum sama don ya sauko da wani abu ko ya canza ƙwan fitila. Wajen lodi, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a ɗaure su, kuma kada kaya su zarce bakin falet.

Direban motar ɗaga kaya ba ya ganin gabansa sosai idan kaya sun yi tsayi, kuma bayan motar ne ke yin wurgi idan za ta juya. Kada ka gitta sai kun haɗa ido da shi, kada ka tsaya ƙarƙashin kayan da aka ɗaga, kada ka shiga tsakanin mota da bango. Da damina a kula da santsi. Tarin falet ɗin da ya daɗe a ajiye kuma a bubbuga shi da sanda kafin a zura hannu, saboda kunama da maciji da ɓera suna son wurin. A nisanta tarin daga janareto da jarkar fetur da masu shan taba, domin busasshen katako mai iska a tsakani ba ya jiran komai in ya ga wuta.

Tambarin da ke jikin katako

Duba gefen falet ɗin da ya zo daga waje, za ka ga tambari mai kama da zangarniyar alkama, da haruffan ƙasar da aka yi shi, da wasu haruffa biyu. Wannan ƙa'ida ce ta duniya da aka kafa a 2002 don hana ƙwarin katako bin kaya daga ƙasa zuwa ƙasa. HT na nufin an gasa katakon har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30. MB na nufin an turara shi da iskar guba mai suna metil buromaid. Na kawo wannan ne saboda falet ba ya ƙarewa a wajen aiki, yana bin maigida gida ya zama gadon yara, ko benci, ko itacen girki. Mai MB, da mai fenti, da wanda ke da tabon mai ko wari ko wani farin gari a jiki, kada a shigar da su ɗaki, kada a yi girki ko gashi da su. Ba ka san abin da ya taɓa zubewa a kansu ba, ko maganin ƙwari ne ko sinadarin masana'anta. Haka kuma idan an buɗe kwantena, a bar ƙofa a buɗe iska ta ratsa kafin kowa ya shiga.

Idan tsautsayi ya faru

Ciwon ƙusa: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu na tsawon mintuna, a shafa aidin, a rufe da bandeji mai tsabta, a tafi asibiti a ranar. Ban da man birki, ban da baƙin mai, ban da toka ko ƙasa, ban da fasa kafso a barbaɗa. Mutane na ɗauka tsatsa ce ke kawo tetanus, wato cutar sarƙewar haƙora. Ƙwayar cutar tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana son rami mai zurfi da iska ba ta shiga, don haka sabuwar ƙusa ma tana iya kai ta ciki. Alamun su kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, jiki ya riƙa ƙamewa. In ta kai nan, magani sai a gadon asibiti, kuma tana kisa.

Allurar iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Ta rigakafi, wadda ake kira TT ko Td, ita ke koya wa jiki kare kansa na shekaru. Wanda ya ji ciwo mai datti kuma rabonsa da ita ya wuce shekara 5, a sake yi masa. Wanda bai taɓa yi ba, guda ɗaya ba ta isa ba: ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6. Ɗayar kuma, ATS, kariyarta ta ɗan lokaci ce, daga jinin doki ake samo ta, kuma tana iya tayar wa wasu da borin jini mai tsanani. Saboda haka a asibiti ya kamata a yi ta. Allurar rigakafin kuma tana bukatar sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta yini a kan kanta cikin zafi ba abin dogaro ba ce. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar gaggawa, domin ƙaramin ciwo a ƙafarsa yana iya kai shi ga yanke ƙafa.

Idan jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. A cire zobe kafin yatsa ya kumbura. Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai ciwon. Abin da ya cake a ido kada a murza, kada a cire, a rufe a tafi wajen likitan ido, ban da ɗiga nono ko ruwan suga. Wanda kaya suka faɗo wa a baya ko wuya kada a ɗaga shi a zaunar, a kira 112. Mai ciwon baya da ya ji ƙafarsa ta mutu, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi dindiris, ko ya kasa riƙe fitsari, asibiti nan take. Haka wanda ƙaba ta fito masa a mara ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai.

Maganin ciwon jiki

Nan ne ɓangarena, kuma nan na fi damuwa. Ciwo saƙo ne da jiki ke aiko maka cewa wani wuri ya gaji ko ya samu rauni. Idan ka danne shi da ƙwaya ka koma ka ɗauki kaya, raunin yana nan yana ƙaruwa. Haɗin nan da masu talla ke ƙulla wa leburori a leda, wanda a nan Legas ake kira akapo, sau da yawa za ka tarar da diklofenak da ibuprofen da piroksikam a ƙulli ɗaya, wani lokaci har da deksametason. Ukun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Ga wanda ya yini yana gumi a rana bai sha isasshen ruwa ba, ƙoda ce ke shan wahala. A sha ɗaya kawai daga cikinsu, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, kuma mai gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Farasitamol mai 500, babba ya sha biyu, kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, kuma a tuna yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki.

Taramol kuwa, mai 50 da mai 100 kaɗai hukumar NAFDAC ta amince da su, su ma da takardar likita. Mai 200 da mai 225 da ake sayarwa a bakin tasha haramtattu ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Masu aikin ƙarfi na cewa yana ƙara musu kuzari. Abin da yake yi shi ne ɓoye gajiya, ya rage saurin hankali, ya jawo jiri, yana kuma iya kayar da mutum da farfaɗiya. Ka yi tunanin haka ta faru mutum yana gaban zarto ko yana tuƙa motar ɗaga kaya. Piriton da maganin tari mai sa barci su ma a bar su sai dare.

Haƙƙinka, da kuma rawar uwargida

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, don kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo. Ka sanar da shugabanka cikin kwana 14, ya fi kyau a rubuce, ka adana katin asibiti da rasit, ka ɗauki hoton ciwon. Masu kamfani da 'yan kwangila, akwatin agajin gaggawa da takalmi da tabarau ba alfarma ba ce kuke yi wa yaranku. Shugabannin ƙungiyoyin lebura da sarakunan Hausawa na unguwanni kuma za su iya shirya wa matasa ranar rigakafin tetanus tare da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Uwargida, ke ce ke ganin abin da maigida ke ɓoye wa abokan aikinsa. Idan ya dawo yana ɗingishi, ki ce ya nuna miki ƙafar. Idan kin ga ledar ƙwayoyi marasa suna a aljihunsa lokacin wanki, ki kawo wa mai ilimin magani ya duba, ki yi masa maganar cikin lalama. Ki ware kayan aikinsa daga na yara wajen wanki, ki cika masa gorar ruwa kafin ya fita. In kuna adashi, kwasa ɗaya ta tafi ga takalmin aiki.

Ƙanen nan nawa ya dawo makon jiya karɓar allurarsa ta biyu a asibitin da ke kusa da mu, ya biyo ya nuna mini sabon takalminsa. Na ce saura tabarau, ya yi dariya ya ce sai an biya su kuɗin mako.

A mako mai zuwa za mu duba yadda ake adana magani a gida lokacin zafi, musamman insulin da maganin yara na ruwa. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta ofishin jarida. Allah Ya tsare mu a wuraren neman abincinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu.